Dutsen iyaka a bakin gandun farautar Okehampton: shekarunsa nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Exeter, kudu maso yammacin Ingila. Mun kai ziyara kufan fadar Okehampton, sai a kan tudun da ke kudu da ita muka ga wani dutse a kafe, bai wuce gwiwa ba, da haruffa sassaƙe a jikinsa. Aka ce mana iyakar gandun farautar masu fadar ce. Da gaske dutsen ya kai shekara 700? Kuma yaya dutse ɗaya zai tsare gandu guda?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Iyakar gandun kam ta kai shekarun da aka faɗa maka, amma da wuya dutsen ya zama sa'anta. Haruffan nan su suka tona asirinsa. Yawancin duwatsun iyaka masu haruffan sunan mai ƙasa ko na gunduma an kafa su ne daga ƙarni na 17 zuwa na 19. Na zamanin da kuwa galibi ba rubutu a jikinsu, in ya yi yawa a sassaƙa gicciye.

Fadar Okehampton, Baldwin FitzGilbert ne ya gina ta bayan mutanen Normandi, daga arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, kuma tana cikin babban kundin ƙidayar ƙasa na 1086. Daga baya ta koma hannun zuriyar Courtenay, su ne suka faɗaɗa ta wajen farkon ƙarni na 14, suka killace gandu mai faɗin eka kusan 1,700 a kudancinta, har bakin tsaunukan Dartmoor. Naman barewar gandu ba na kasuwa ba ne. A teburin manya ake cinsa, ko a aika da shi kyauta don neman fada, shi ya sa mallakar gandu ta zama alamar isa. Masu tonon tarihi sun sami ƙasusuwan barewa da yawa a cikin fadar.

To, barewa ba ta san dutse ba. Abin da ke tsare ta shi ne tudun ƙasa da aka tara ya kewaye gandun, a kansa a kafa shingen katako ko a ja katangar dutse, sannan a haƙa rami a gefensa. A nan nake so ka lura sosai. Ganuwar biranenmu, irin ta Kano, gwalalonta a waje yake don a hana abokan gaba shiga. Ramin gandun barewa a ciki yake, domin dabbar da ta zo tsallakewa ta taso daga ƙasa-ƙasa, shingen ya fi ƙarfinta. Wasu masu gandu ma suna barin wata kafa a shingen, inda barewar daji za ta iya dirowa ciki amma ba ta iya komawa, kuma wannan sai da izinin sarki. In ka koma, ka bar dutsen tukuna, ka dubi ƙasar da ke kusa da shi. Idan ka ga doron ƙasa yana tafiya a lanƙwashe, ga kwari-kwari ta ɓangaren fada, to ka ga abin da ya fi dutsen tsufa. Lanƙwasar ma da dalilinta: kewaye mai zagaye ya fi arhar katako fiye da mai kusurwa.

Mutanen wancan zamani sun fi riƙe iyaka da ƙafa da baki. A 1240, bisa umarnin Sarki Henry na Uku, jarumai goma sha biyu suka zagaye dajin sarki na Dartmoor, suna ambaton tsauni da rafi da mashigi, aka rubuta. A ƙauyuka kuma duk shekara ana fita da yara a bi iyakar gunduma don su haddace ta.

Dutse yakan shigo ne bayan shinge ya faɗi. A 1538 Sarki Henry na Takwas ya sa aka kama Henry Courtenay, aka fille masa kai, aka ƙwace dukiyarsa, fadar ta zama kango, gandun ya koma wurin kiwo. Katako ya ruɓe, amma haƙƙin ƙasa da na kiwo ba su ruɓe ba, sai magadan filayen da hukumomin gunduma suka riƙa kafa duwatsu a kan tsofaffin layuka. Wani lokacin za ka tarar da dutsen ya ɗan fita daga tudun da kamar mita biyar, saboda mai gandu yana da wani siririn fili a bayan shinge inda ma'aikatansa ke tsayawa su yi gyara.

Don ka tabbatar da naka, nemi taswirorin hukumar safiyo ta Birtaniya na ƙarni na 19. Suna sa haruffan BS a inda dutsen iyaka yake, kuma ɗakin adana takardun tarihi na Devon, lardin da Okehampton take ciki, yana nan Exeter kusa da kai. Ka gwada haruffan jikin dutsen da sunayen masu filin da na gundumomin da suka haɗu a wurin.

Roƙona ɗaya: kada ka kankare gansakukar jikinsa, kada ka jijjiga shi don ganin gindinsa. Shaidarsa tana cikin wurin da yake tsaye, in aka gusar da shi ko da taku goma ne ya daina nuna iyakar kowa. Ka ɗauki hotonsa da safe ko da la'asar, lokacin da hasken rana ke zuwa ta gefe, haruffan za su fito maka sarai.