Amsa: Yaya aka haɗa bakan gadar Sidni ba tare da ginshiƙi a cikin ruwa ba?

Malam Sani, tambayarka ta yadda aka yi bakan gadar Sidni ta Ostireliya ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiyar ruwa, gaskiya ta yi min daɗi sosai. Ai ba za su iya toshe tashar ba don jiragen ruwa na wucewa kullum, shi ya sa kamfanin Dorman Long na Ingila ya fara bakan daga gaɓa biyu a 1928, kowane rabi yana miƙewa saman ruwa, an ɗaure shi ta baya da igiyoyin ƙarfe 128 da aka zagaya ta cikin ramin da aka haƙa a dutse, sannan kowane ɓangare da ƙaton kirensa, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, da ke hawa kan abin da aka riga aka gina yana ɗauko ƙarafa daga kwale-kwalen dako a ƙasa.

A watan Agusta 1930 suka riƙa sassauta igiyoyin sannu sannu har rabi biyun suka haɗu, tsawon bakan mita 503 fa! Wallahi nan ne abin ya fi burge ni, ka tuna ba kwamfuta a lokacin, lissafi ne da hannu, ga shi ƙarfe yana miƙewa da zafin rana ya tsuke da sanyi.

Hasumiyoyin dutse huɗu da ke tsaye a ƙarshen gadar, biyu a kowace gaɓa, kuma ado ne kawai, ba su ke ɗauke da nauyin ba. Kafin a buɗe ta ranar 19 ga Maris 1932 sai da aka jera kawunan jirgin ƙasa 96 a kai don gwaji. Ma'aikata 16 ne suka rasu a aikin.