Ku Tambaya, Mu Amsa: Zanen Zambo Zai Iya Riƙe Mai Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bana na kammala karatun zane a Zariya. Tun ina sakandare nake zana abokai, in ƙara wa wannan hanci, in ja wa wancan kunne, a yi ta dariya. Ina son in riƙa sayar wa mujallun barkwanci da jaridu irin wannan zane ina zaman kaina, ba a ƙarƙashin kowa ba. Yayana ya ce wasan yara ne, in nemi aikin koyarwa. Sana'ar nan tana ciyar da mai ita? Ta ina zan fara?
Daga wani matashi a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tana ciyarwa, amma mujalla ita kaɗai ba za ta riƙe ka ba, kuma gara ka ji wannan daga bakina tun yanzu.

Mujallun barkwanci na takarda sun yi ƙaranci a duniya. Punch ta Landan, wadda aka fara a 1841, ta rufe a 2002. MAD ta Amurka, da ta fara fitowa a 1952, ta rage buga sabon aiki ƙwarai tun 2019. A nan gida, Ikebe Super da Wale Adenuga ya kafa a 1976 ta yi tashe sosai, daga baya barkwancin nata ya koma talabijin. Akwai masu ƙoƙari, kamar Gbich! da aka kafa a Abijan a 1999, sai dai gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa. Ni dai a shekarun da na yi ina wannan aiki, abin da ya fi cika min tukunya shi ne zanen bangon littafi, da hoton kyauta ga mai yin ritaya, da zama a wurin biki ina zana baƙi cikin minti biyar-biyar. Mujalla suna take ba ka, sunan kuma shi ke jawo sauran. Don haka maganar yayanka ba ta banza ba ce. Ka karɓi koyarwar in ta samu, ka yi zanenka da dare har ya tsaya da ƙafarsa.

Inda ban yarda da shi ba shi ne da ya ce wasan yara ne. A 1831 an gurfanar da mai zanen zambo Charles Philipon gaban kotu a Faris kan zolayar Sarki Louis-Philippe. Sai ya yi zane huɗu a jere, kan sarki yana rikiɗa kaɗan-kaɗan har ya zama wani ɗan itace mai siririn sama da faɗin ƙasa, kamar gora. Cikin ɗan lokaci hoton ya cika bangayen birnin. Abokin aikinsa Honoré Daumier kuwa, ɗaurin wata shida aka yanke masa a 1832 saboda zanen sarkin nan yana haɗiye dukiyar talakawa. A Legas, Akinola Lasekan ya shafe shekaru yana caccakar mulkin mallaka a jaridar West African Pilot ta Azikiwe, yana sa hannu da sunan Lash. Ba a ɗaure mutum kan wasan yara.

Yanzu ga abin da ya dame ni a wasiƙarka: ka ce kana ƙara hanci, kana jan kunne. Nan kowa ke farawa, amma ba nan aikin yake ba. Ka saurari mawaƙan fada in za su yi wa abokin hamayyar sarki zambo. Ba sa lissafa duk gaɓoɓinsa. Abu ɗaya suke ɗauka, tafiyarsa ko yadda yake naɗa rawani, kowa a fada ya gane wanda ake nufi ba a ambaci suna ba. Idonka haka zai zama.

Akwai wani mai shayi a bakin layinmu da na zana sau bakwai bai fito ba. Hancinsa babba ne, shi nake ta ƙarawa, amma duk wanda na nuna wa sai ya tambaye ni wane ne. Ranar nan na ajiye fensir, na zauna a bencinsa har shayina ya huce. Sai na lura idanunsa sun matso kusa da juna, goshinsa gajere ne, hula ta kusa taɓa gira, kuma duk sa'ad da yake sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi yakan karkata kai hagu, ya ciji leɓen ƙasa. Na koma gida na rage hancin, na matse idanun, na karkatar da kan. Layi bai kai ashirin ba. Da na kai masa, yaron da ke soya masa ƙwai ya hango daga nesa ya ce, "Kai, Oga ne!" Har yau takardar tana manne a jikin teburinsa, duk ta sha maiƙo. Tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin fuska ita ce kamannin mutum. Ka sayi littafin zane mai arha, ka cika shi a tasha da kasuwa, fuska goma kullum.

Sai batun kuɗi, inda ake cutar irinku. Wata mujalla ta taɓa karɓar zanen da na yi wa bangonta kan alkawarin baki. Suka buga, suka sake buga shi a kalanda, ban ga ko sisi ba, ba ni kuma da takardar da zan kafa hujja da ita. Tun daga nan ba na ɗaga fensir sai an rubuto min abu huɗu, ko a WhatsApp ne: nawa za a biya, yaushe, gyara sau nawa ne, kuma bugu ɗaya aka saya ko haƙƙin mallakar gaba ɗaya. Haƙƙin mallakar ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ka nemi rabin kuɗi kafin alƙalami. Ka tura zanen gwaji na fensir edita ya amince kafin ka sa tawada, kuma hoto mai kyau da za a iya bugawa kada ya bar hannunka sai cikon ya shigo. In an soke aikin bayan ka fara, kafin alƙalamin naka ne.

Wajen neman shiga, ka tara zane goma zuwa goma sha biyu na fitattun mutane da edita zai gane nan take, ka tura masa da gajeren saƙo. Ka dubi aikin Mustapha Bulama a Daily Trust da na Mike Asukwo, ka ga yadda suke kama labarin ranar. Edita ya fi son mai kawo aiki ƙarfe huɗu kamar yadda ya ce, a kan gwanin da zai kawo gobe.

Iyakata kuma ita ce: ina zambon abin da mutum ya aikata da muƙaminsa, ba na taɓa nakasa, ko ƙabila, ko abin da ya shafi addinin kowa. Kada ka zana mutum yana aikata laifin da ba a tabbatar ba, domin ƙarar ɓata suna tana iya faɗawa kan mai zaman kansa, babu lauyan kamfani a bayansa.

Ka aiko min da zane uku ta ofishin mujallar nan, ɗaya ya kasance na wanda ka zauna ka kalla da idonka, ba daga hoton waya ba. Zan duba in faɗa maka inda za ka gyara. Ka gaishe min da yayan naka.