Tambaya da Amsa: Da gaske mutum ya taka wata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne daga Aboabo a nan Kumasi. Kullum da dare gardama muke yi a wurin mai shayi. Wani yayanmu ya rantse cewa zuwa wata ƙarya ce, a ɗaki Amurkawa suka ɗauki hoton. Ya ce ga tuta nan tana kaɗawa alhali babu iska, kuma in gaskiya ne me ya hana su komawa? Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. An je, kuma ina da shekara 11 lokacin da aka je.

Ranar Lahadi ce, 20 ga Yuli 1969. Mahaifina yana fataucin goro, yana da wata rediyo mai batir da yake lulluɓewa da ƙyalle saboda ƙura. Bayan sallar isha'i dattawa suka kewaye ta a ƙofar gidanmu a zango, wani malamin makaranta yana fassara musu. Agogonmu na Gana daidai yake da agogon GMT, don haka da ƙarfe 8:17 na dare kumbon Amurkawa ya sauka a kan wata. Muka ruga waje muna ɗaga kai. Watan bai wuce kwana shida ba, yana can yamma. Ba mu ga komai ba, sai wani tsoho ya ja carbinsa ya ce shi dai a bar masa watansa na ganin azumi. Lokacin da Neil Armstrong, mutumin farko da ya taka wata, ya sa ƙafa, wajen ƙarfe 3 na dare, tuni barci ya kwashe ni. Ka ga ke nan gardamarku ta girme ku.

Maganar tuta mai sauƙi ce. Sun san babu iska, shi ya sa suka zura sanda a gefenta na sama don ta miƙe. Abin da yake kama da kaɗawa lanƙwasar ninki ce.

Hujjar da ta fi kwantar mini da hankali ita ce ta kishiya. Tarayyar Sobiyet ce ta fara cin tseren zuwa sararin samaniya da take yi da Amurka. Ita ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, ranar 4 ga Oktoba 1957, wata bakwai bayan mun sami 'yancin kai. Ita ta aika Yuri Gagarin ya kewaya duniya a 1961, har ya kawo ziyara Accra a 1962. Mutanen nan suna da na'urorin bibiyar kumbo, kuma babu abin da zai yi musu daɗi kamar su kama Amurka da ƙarya a tsakiyar yaƙin cacar baka. Ba su taɓa musantawa ba. Kai ma ka san idan abokin gabarka ya yi shiru a kan nasararka, to ya rasa ta cewa ne.

Sai duwatsun. Tsakanin 1969 da 1972 an sauka sau 6, mutum 12 suka taka wata, suka dawo da duwatsu da ƙasa kilo 382. Masana a ƙasashe da yawa sun yi ta bincikensu shekara da shekaru. Sobiyet ma ta ɗebo nata da kumbo marar mutum sau uku, amma duka bai kai rabin kilo ba, kuma da aka gwada sai aka ga sun yi kama da na Amurka. A 2009 aka tura wani kumbo mai kewaya wata, ya ɗauko hoton wuraren saukar, ana ganin gindin kumbon da suka bari, har da sawun zirga-zirgarsu. Akwai kuma madubin da suka ajiye. Har yau ana harba masa haske daga nan duniya, ya je ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi. Da shi aka gano wata yana nisantarmu da kusan santimita 4 duk shekara. Wannan lissafi yana ba ni mamaki duk lokacin da na tuna shi.

Rashin komawa kuwa, kuɗi ne. A 1966 NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta ci fiye da kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin Amurka. Da aka ci gasar, 'yan siyasa suka rufe aljihu.

Ka gaishe da yayan naka, kada ka yi masa dariya, tambaya ya yi mai kyau. Amma ka gaya masa cewa a 2017 samari uku daga jami'ar All Nations ta Koforidua sun haɗa tauraron ɗan Adam mai nauyin kilo 1, GhanaSat-1, aka sake shi daga tashar sararin samaniya. A shekarar ce kuma aka mayar da tsohon faifan sadarwa na Kuntunse, mai faɗin mita 32, ya zama na'urar sauraren taurari. Yana can kan hanyar Nsawam. Ranar da za ku Accra, ku ce wa direba ya nuna muku shi.