Amsa: Ko ma'aikaciyar kula da tsofaffi za ta iya ƙin shiga gidan da take jin tsoro?

Malama, kin tambaya ko kina da ikon ƙin shiga gidan dattijon da kike kula da shi a Ingila, tunda ɗansa mashayi ne kuma ya taɓa tare miki ƙofa. Kina da wannan iko. Dokar lafiya da tsaro a wurin aiki ta 1974 ta ɗora wa kamfanin da ya ɗauke ki alhakin kare lafiyarki, ko da a gidan wani ake aikin, sannan sashe na 44 na dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ya hana a hukunta ma'aikacin da ya bar wuri saboda yana da dalilin ganin mummunan haɗari na gab da afka masa.

Sai dai ki rubuta abin da ya faru, da rana da lokaci, ki miƙa wa shugabarki, domin ƙorafin baki yakan bi iska, kuma da rubutaccen rahoto ne za ki nemi a riƙa tura ku biyu. 'Yan'uwanmu da dama suna yin shiru don tsoron rasa bizar aiki, amma a ganina shirun ya fi haɗari.

Kafin a ɗauki mataki, ki riƙa sanar da ofis lokacin shigarki da fitarki, wayarki kuma tana jikinki. Idan abu ya ɓaci ki kira 999, lambar neman agajin gaggawa. In magana ba za ta yiwu ba, ki danna 55 lokacin da aka buƙata, za a haɗa ki da 'yan sanda.