Ɗana ya ce sai ya ƙara shekara uku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai fataucin albasa ne a Tawa. Ɗana yana birnin Girinsboro na Amurka, ya kusa gama kwalejin nan ta shekara biyu, yana son ya wuce jami'a ya karanta injiniyancin injuna. Da zai tafi an ce mini biyu a kwaleji, biyu a jami'a. Yanzu ya bugo waya wai sai ya ƙara uku. Wasa yake da karatun ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Don Allah kada ka yi saurin yi masa faɗa, wataƙila gaskiya ya faɗa maka.

Digirin injiniya a can yana cin kiredit (wato ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ci) 120 zuwa 130, kwaleji kuma tana ba da kimanin 60. A lissafin kasuwa rabi ke nan. Sai dai darussan injiniya kamar ginin soro suke, ba a aza azara sai bango ya tashi. Sai ya ci darasin lissafin da ake kira kalkulas na ɗaya za a bar shi ya shiga fiziks na injiniyoyi. Sai da waɗannan zai zauna ajin da ake auna nauyin da ƙarfe ke ɗauka yana tsaye, daga nan a koya masa motsin injin da ƙarfin kayan ƙira, kafin a kai ga zana injin kansa. Kowane mataki zango guda ne, ba a haɗa biyu. Yaranmu kuwa da Faransanci suka yi bak, wato jarrabawar gama sakandare, don haka zangon farko yakan tafi a koyon Ingilishi, kuma wannan ba ya shiga lissafin digiri. Nan shekarar take ɓacewa.

Idan kun yi waya, ka tambaye shi wace takarda yake nema. A jihar Karolina ta Arewa akwai wadda ake kira AE, an tsara ta don masu wucewa jami'o'in jihar, har da jami'ar A&T da ke nan Girinsboro, kuma ana son kowane darasi ya kai makin C. Akwai kuma AAS, ta masu fita aiki kai tsaye, wadda jami'a ba ta karɓar darussanta da yawa. Ya kuma tabbatar hukumar ABET, mai tantance karatun injiniya, ta amince da sashen da zai shiga.

Ni dai shawarata, in da sauran kalkulas a kansa, ya ƙara zango ɗaya a kwalejin ya gama shi, domin kuɗinta bai kai na jami'a ba. Kai kuma ka fara shiri tun yanzu, Alhaji: in da bizar ɗalibi yake, jami'a ba za ta ba shi sabuwar takardar I-20 ba, wato shaidar makaranta da bizar ɗalibi ke dogara da ita, sai ta ga shaidar kuɗin shekara guda.