Gurbi ya samu, kuɗi bai samu ba: amsa ga mai neman digiri na uku a ƙasar waje

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka har ƙarshe. Ka ce ka kammala digiri na biyu a kimiyyar muhalli, wata jami'a a Birtaniya ta ba ka gurbin digiri na uku amma babu ko kwabo na tallafi, kuma tana jiran ka biya kafin alƙalami. Ka gwada Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, an ce ba ka cikin waɗanda suka cancanta. Yanzu kana tunanin ko ka sayar da ɗan abin da ka mallaka ka tafi, in ka sauka ka nemi aiki ka riƙa cike giɓin, ga kuma iyali.

Kada ka biya, kada kuma ka sayar da komai tukuna. Ɗauki biro mu yi lissafi. Kuɗin makaranta na ɗalibin waje a fannonin kimiyya a can yakan haura fam 20,000 a shekara, kuma shekara uku ce mafi ƙaranci. Akwai kuɗin lafiya da ake biya tare da biza, fam 776 a kowace shekara a kan kowane mutum, kai da maiɗakinka da kowane yaro, kuma dunƙule ake biyansa tun kafin ka hau jirgi. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka wuce awa 20 kana aiki a mako ba, mai digiri na uku kuwa ba shi da dogon hutun da 'yan digirin farko ke samu su yi aiki sosai. Awa 20 ɗin nan da ƙyar ta riƙe haya da cefane, balle kuɗin makaranta. Na zauna da mutanen da suka bi wannan hanya. Wasu sun gama, Allah Ya rufa musu asiri, amma na ga wanda da rana yana ɗakin gwaji, da dare yana ɗaukar kaya a sito, har binciken ya tsaya cak a shekara ta biyu, bashi kuma yana ta hawa.

Batun Chevening kuwa, ba wai takardunka ne ba su yi ba. Tallafin na digiri na biyu ne kawai, na shekara ɗaya, irin wanda ake shiga aji a koyar. Ko da ka fi kowa maki ba za su ɗauki nauyin digiri na uku ba. Mutane da yawa suna ɓata shekara guda a kan wannan saboda sunan da suka fi ji ke nan.

Abin da nake so ka kama shi ne, kuɗin digirin bincike galibi ba a hannun manyan sunayen nan yake ba. Yana hannun farfesoshi da sassan jami'o'i. Farfesa ya rubuta neman kuɗi daga hukumar bincike ta ƙasarsa ko daga Tarayyar Turai ko daga wani kamfani, aka ba shi, a cikin kasafin kuma akwai albashin ɗalibi ɗaya ko biyu da za su yi aikin. Yanzu shi ke neman mutum. Yana da wa'adi a wuyansa, in bai samu wanda zai yi aikin ba shi ma yana cikin matsala. Kai kana can kana layi da dubban mutane a ƙofar tallafi guda, shi kuma yana nan yana cigiyar wanda ya iya auna gurɓatar ruwa.

Ni a Holan na yi nawa digirin na uku, kuma ban taɓa riƙe wani abu mai suna sikolashif ba. Ma'aikaci aka ɗauke ni. Kwantiragin shekara huɗu, albashi duk wata, ana cire haraji, ana tara mini fansho, ina da hutun shekara kamar kowane ma'aikacin jami'a, ba na biyan kuɗin makaranta. Haka tsarin yake a Suwidin da Denmak da Norwe, kuma guraben da yawa a Jamus da Suwizalan haka suke. Talla ake fitarwa kamar ta kowane aiki. Shafin EURAXESS yana tattara na Turai, AcademicTransfer na Holan ne, Jobbnorge na Norwe, FindAPhD da jobs.ac.uk sun fi kawo na Birtaniya. Kyauta ake dubawa. Kuma ba su da kaka guda, duk wata sai an saka sababbi, abin da ya sa wanda ya mayar da dubawa al'ada yake riga wanda ke jiran sanarwar shekara-shekara.

A cikin irin waɗannan akwai na shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, wanda albashinsa ke da kauri, har da ƙari ga mai iyali. Sharaɗinsa ma kamar don irinku aka yi shi: kada mutum ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 a cikin wata 36 da suka wuce. Wato ɗan ƙasar da ke zaune a gida ba zai iya neman gurbin garinsu ba, kai da ke nesa ka cancanta.

Amurka tsarinta daban. A can sashen jami'a ake nema, in sun ɗauke ka a digiri na uku a jami'ar bincike ta kirki, yawanci da kuɗinsa yake zuwa: a yafe maka kuɗin makaranta, a ba ka alawus, kai kuma ka taya koyarwa ko bincike kamar awa 20 a mako. Shekara biyar zuwa shida ake yi saboda akwai darussa a farko. Yawanci a Disamba ake rufe karɓa, amsa ta fito a Fabrairu ko Maris, kuma jami'o'i da yawa sun yi yarjejeniya cewa ba za a matsa wa ɗalibi ya karɓi tayin kuɗi kafin 15 ga Afrilu ba. Sassa da dama sun daina neman jarrabawar GRE ta shiga karatun gaba da digirin farko, wasu kuma suna yafe kuɗin fom in ka roƙa. Sai dai ka fara bincika halin da fasfo ɗin ƙasarka yake ciki wajen biza kafin ka kashe kuɗi, domin dokokin can suna saurin sauyawa.

In kuma zuciyarka tana Birtaniya ne, akwai hanya. Tun 2021 hukumar UKRI, mai ba da kuɗin bincike ta gwamnatin Birtaniya, ta buɗe tallafinta ga ɗaliban waje, amma ba za su wuce kashi 30 cikin ɗari na guraben ba. Mafi ƙarancin alawus ɗinta a zangon 2025/26 fam 20,780 ne a shekara, ba haraji. Ga inda ake tuntuɓe: kuɗin makarantar da take biya na ɗan gida ne, na ɗan waje kuwa ya ninka shi sau da yawa. Wasu jami'o'in suna yafe bambancin, wasu ba sa yi. Ka tambaya a rubuce, ka samu amsa a rubuce. Akwai gidauniyar tallafi ta Gates Cambridge a Jami'ar Cambridge, da aka kafa a 2000 da kyautar dala miliyan 210, tana ɗaukar kimanin mutum 80 a shekara daga duniya baki ɗaya, ka ga irin turereniyar da ke wurin. Clarendon ta Oxford ba ta da fom na daban, in ka nemi gurbi kafin wa'adin Disamba ko Janairu an saka ka cikin waɗanda za a duba. Commonwealth, mai tallafa wa ɗaliban ƙasashen ƙungiyar renon Ingila, tana bi ta hukumar da ƙasarka ta wakilta, kuma jerin ƙasashen da suka cancanci digiri na uku yana canzawa, sai ka duba na shekarar. Ka nema, ban hana ba, amma kada su zama su kaɗai ne abin dogaronka.

Sauran na gwamnatoci zan ratsa su da sauri. DAAD ta Jamus da tallafin gwamnatin Suwizalan duk suna son ganin takardar farfesan da ya yarda zai duba aikinka, ka ga an sake dawowa kan farfesa. MEXT ta Japan tana da ƙofa biyu, ta ofishin jakadanci da ta jami'a, tana ba mai digiri na uku kimanin yen 145,000 a wata. Turkiyya tana buɗewa a Janairu ta rufe a Fabrairu, tana son mai neman digiri na uku ya kasance ƙasa da shekara 35, kuma sai ka yi shekara guda kana koyon harshensu. Sin da Koriya ta Kudu sun tsaya a ƙasa da 40. Jami'ar KAUST ta Saudiyya duk wanda ta ɗauka tana ɗaukar nauyinsa, kuma fanninka yana cikin abin da suke yi. Bankin Raya Ƙasashen Musulunci da cibiyar kimiyya ta TWAS da ke Trieste a Italiya su ma suna bayarwa. Ba ka faɗi shekarunka ba, to ka fara da duba iyakar shekaru kafin ka cike fom mai shafi ashirin.

Yanzu wasiƙar da za ka aika wa farfesa, don a nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Lokacin da na kusa gamawa, mai duba aikina yakan ba ni imel ɗin masu nema in taya shi tacewa. Mafi yawansu kala ɗaya ne. Za a fara da kirari, a ce shi ne tauraron ilimi na duniya, a bi da tarihin rayuwa tun daga firamare, a rufe da roƙon ya taimaka don Allah. Wani ma ya manta bai goge sunan jami'ar da ya aika wa kafin mu ba. Waɗannan ko minti ɗaya ba sa ci. Wadda ta tsaya mini a rai ta wata baiwar Allah ce, layi bai fi goma ba. Ta ambaci wata maƙala da ya fitar, ta ce hanyar da ya bi wajen tace samfurin ruwa ta gwada ta a aikinta na digiri na biyu amma laka ta toshe mata matata, ga dabarar da ta yi ta warware, ga hoton jadawalin sakamakon. Sai ta tambaya ko yana da gurbi a aikin da ya fara, in babu ko ya san wanda yake da shi. Ya ture kofin shayinsa gefe, ya karanta sau biyu, ya ce in nemo masa lokaci a kalanda. Makinta bai fi na sauran ba. Ta dai nuna ta karanta aikinsa, kuma hannunta ya taɓa abin.

Saboda haka ka zaɓi mutane kaɗan da aikinsu ya haɗu da naka da gaske, ka karanta abin da suka fitar a shekara biyu ko uku na baya. Ka leƙa ƙarshen maƙalar inda suke godiya ga wanda ya ba da kuɗi, nan za ka gane ko akwai sabon aiki a hannu. In an yi shiru mako biyu, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka wuce gaba. Kuma kafin ka amsa wa kowa, nemi ɗaliban da suka gama a hannunsa ka tambaye su yadda zama da shi yake. Shekara huɗu a ƙarƙashin mutumin da ba ya amsa saƙo, ko mai ɗora maka aikin da ba naka ba, ba albashin da zai biya ka wannan.

Takardu kuma ka fara tun yau. Taranskirif, wato takardar makin darussanka daga jami'a, yakan ɗauki lokaci kafin ya fito. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara biyu yake yi ya mutu, kada ka yi shi da wuri ƙwarai, kada kuma ka bari sai wa'adi ya matso. Masu rubuta maka shaida, wanda ya duba aikinka na digiri na biyu ya fi maka babban mutum mai muƙami da bai san fuskarka ba. Ka ba su lokaci, ka tura musu tallar gurbin da bayanin abin da ka yi, don su samu abin rubutawa. In aikinka na digiri na biyu zai iya zama maƙala, ka fitar da shi a mujallar kirki. Ka guji masu karɓar kuɗi su buga cikin kwana uku, farfesoshi sun san su, kuma ganinsu a takardunka rage maka daraja yake yi. Duk ejan da ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka tallafi tabbas, ka riƙe kuɗinka. Babu ɗaya cikin waɗanda na lissafa da ake saye.

Ranar da tayi ya zo, kada murna ta hana ka karatu. Shekara nawa kuɗin zai ɗauka? Da yawa shekara uku ne ko uku da rabi, aikin kuma yakan kai huɗu, to wa zai riƙe ka a ragowar? Inshorar lafiya da tikiti da kuɗin biza suna ciki? Akwai kuɗin gwaje-gwaje da zuwa taro? In farfesan ya koma wata jami'a, kuɗin naka ne ko nasa? Akwai sharaɗin komawa gida? Commonwealth da Fulbright ta Amurka suna da shi, kuma alkawari ne, in ka sa hannu ka cika.

Iyali kuwa, tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali, amma ta bar masu digirin bincike, don haka doka ba ta hana ka ba. Aljihu ne zai yi magana. Alawus na mutum ɗaya aka yanka, kuma sai ka nuna ƙarin kuɗi a banki kan kowane mutum. A ƙasashen da ake ba da albashi abin ya fi sauƙi, sai dai samun gida na iyali a garuruwan jami'a yana da wuya ƙwarai. Shawarata ka fara tafiya kai kaɗai na 'yan watanni, ka kama gida, ka san makarantar yara, sannan su biyo ka. Ku zauna da maiɗakinka ku yi wannan magana tun yanzu, ba sai biza ta fito ba.

Gurbin da ke hannunka kuma kada ka yar da shi. Rubuta musu ka nemi a ɗage maka zuwa shekara mai zuwa, jami'o'i da yawa suna yarda. Sannan ka rubuta wa wanda aka ce zai duba aikinka, ka gaya masa gaskiya cewa ba ka da kuɗin, ka tambaye shi wane tallafi sashen ko jami'ar ke da shi, yaushe ake rufewa, kuma ko zai tsaya maka a gaban kwamiti. Yadda ya amsa zai nuna maka ko kai yake so ko kuɗin makarantarka. In ka faɗa mana ainihin abin da ka yi bincike a kai da shekarunka, ni da sauran 'yan'uwa za mu iya nuna maka ƙasashen da ya kamata ka fara dubawa. Allah Ya sa a dace.