Zuwa ga 'yata da ke Injamena, a kan maganar yaye da riƙo

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaron, saƙonki ya same ni a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma na ga tambayoyi biyu ne kika haɗa a wuri ɗaya. Ta farko, surukarki ta aiko daga Marwa, ita ma a nan Kamaru, cewa idan lokacin yaye ya yi za ta zo ta ɗauki jikanta ta riƙe, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari, kina son ki san ko al'ada ta wajabta miki miƙa shi. Ta biyu kuwa, wadda kika ajiye a ƙarshe cikin jin nauyi, ita ce kin ji sanyi a ranki da aka ce za a ɗauke shi, domin kin gaji, har akwai daren da kike cewa da ma kun jinkirta haihuwar nan sai kin gama karatu, sannan gari ya waye kina zargin kanki da butulce wa kyautar Allah.

Da ta biyun zan fara, domin a cikinta amsar ta farkon take. Gajiyar mai goyo ba a kanki aka soma ta ba, Alƙur'ani da kansa ya faɗa a suratu Luƙman cewa uwa tana ɗaukar ɗanta cikin rauni a kan rauni. Abin da ya sauya tsakanin zamaninmu da naku shi ne yawan hannuwan da ke ɗaukar yaro. A da, mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki tun cikin yana wata bakwai, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya har kwana 40, ba ta daka, ba ta girki, ba ta zuwa rijiya, aikinta kawai ta ci, ta shayar, ta kwanta. Idan ta koma ɗakinta, akwai uwar miji da faccaloli da ƙannen miji, kowa na miƙa hannu, har yaro ya wuni bai taɓa bayan uwarsa ba sai in yunwa ta taso. Ke kuwa kin haihu a asibiti a wata ƙasa, mahaifiyarki ta yi mako biyu ta juyo, kika rage daga ke sai jariri a ɗakin haya, cikin zafin Afrilun Injamena da ke wuce maki 40, maigidanki yana kasuwa tun safe. Aikin da mata biyar ke rabawa ne kika ɗauka ke kaɗai, to ina mamaki idan zuciya ta yi da-na-sani da tsakar dare?

Ita kanta kunyar ɗan fari da kuke yi wa dariya, cewa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, a ganina tana da amfanin da ba a faɗa. Yarinyar da aka aurar da ƙuruciya ba ta san reno ba, sai al'ada ta janye ta gefe cikin mutunci, ta damƙa yaron ga tsofaffin da suka goyi goma, ba tare da an ce mata ta kasa ba. Maƙwabtanmu Fulani sun ma fi mu tsanantawa a nan. Sai dai na ga inda kunyar ta wuce gona da iri, yaro yana zazzaɓi uwarsa ta kasa buɗe baki ta ce a kai shi asibiti don kada a ce ta cika son ɗa. Wannan ba zan kare shi ba, kamar yadda ba zan kare yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi ba, waɗanda likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970, ko cire beli da askar wanzami.

Game da buƙatar surukarki, ki bambanta yaye da riƙo, domin mutane kan cakuɗa su da gangan. Yaye shi ne a kai yaro wurin kakarsa na 'yan kwanaki ko makonni har ya manta da nono, a dawo da shi. Riƙo kuwa shekaru ne, wani lokaci har aure. Shayarwa shekara 2 ce ga wanda ya so cikawa, kamar yadda ya zo a aya ta 233 ta suratul Baƙara, kuma ayar ta ce yaye kafin nan sai da yardar uwa da uba da shawararsu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko aure ya mutu uwa ce a gaba wajen reno, bayanta mahaifiyarta, kakar wajen uba tana baya, balle aurenku yana nan daram. Saboda haka riƙo kyauta ce da ake yi don zumunci, ba bashi ba ne da ake bin ki.

Na ga riƙon da ya yi albarka, na ga wanda ya zama bauta. Akwai 'yan riƙon da suka sami karatu da sana'a da gata fiye da na gidan ubansu. Akwai kuma waɗanda aka ɗora wa tallan goro da ƙosai, suka girma suna kiran mahaifiyarsu yaya, kuma har suka yi furfura ba su daina tambayar dalilin da ya sa su aka bayar ba. Surukarki mutuniyar kirki ce, ba na zarginta da komai, kaɗaici ne ke damunta tun da 'ya'yanta suka watse. Amma shekaru sun ja, kuma yaro ɗan shekara 2 gudu yake so. Tsakanin Marwa da Kuseri ma, garin da ake tsallakawa zuwa Injamena, ta Mora da Waza, ba hanyar da za ki riƙa bi duk wata ba ce, kin san halin da take ciki.

Da ni ce, zan ba ta yayen, in hana ta riƙon. Ku kai shi da kanku bayan damina, lokacin da sauro ya ragu, da katin rigakafinsa a hannu, ya yi wata guda, ki yi barcin da kika daɗe ba ki yi ba, ku koma ku ɗauko shi da goro da turmin atamfa na godiya. Maganar kuma daga bakin maigidanki za ta fito, shi ne ɗanta, kada ki yarda a ce suruka ce ta hana. Ya yi mata alkawarin hutun makaranta idan yaron ya tasa, a can zai tsinci Fulatanci a kan Hausarsa da Larabcin Cadi. Takardar haihuwarsa kuma ta zauna a hannunku, domin yara da yawa a nan arewacin Kamaru sun kai ajin ƙarshe na firamare aka hana su jarrabawar CEP ta kammala firamare saboda rashinta.

Daɗin haihuwa kuwa ba ya zuwa a watannin da kike ciki, sai dai ɗanɗano. Yana zuwa ranar da ya soma haɗa kalmomi, ranar da kika ga tafiyar marigayi mahaifinki a ƙafafunsa, ranar da ya karanto miki Fatiha daga allo yana tuntuɓe. Ban ce zai biya ki karatun da ya tsaya ba, shi wannan sai kin koma kin ƙarasa, kuma ina so ki koma. Ki nemi babbar mace a cikin Hausawan unguwarku da za ta riƙa karɓar yaron da rana, a biya ta abin da ya dace, kada a turo miki ƙaramar yarinya daga gida a cire ta daga makaranta dominki. Ki kuma je asibiti ke da maigidanki a yi muku bayanin tazarar haihuwa kafin yayen, don kada kwanika ta same ki. Idan kuma baƙin cikin ya ƙi tafiya, kika daina cin abinci ko kika ji ba kya son ganin yaron, ki faɗa wa likita a ranar, sannan ki kira ni.

Gwaggonki, daga Garwa.